Duwatsu 2,711 da ɗakuna huɗu a ƙarƙashin ƙasa: ziyarata a dandalin tunawa da Yahudawan Turai a Barlin

Shekara 14 ke nan ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a nan Damagaram, kuma duk shekara, idan muka iso darasin Yaƙin Duniya na Biyu tare da ƴan ajin ƙarshe, nakan ɗauki alli in rubuta a allo cewa gwamnatin ƴan Nazi ta Jamus ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 kafin yaƙin ya ƙare a 1945. Yara su kwafa a littattafansu, a buga ƙararrawa, wanda yake da aikin share allo a ranar ya zo da soso ya goge. Da Allah ya nufe ni da zuwa Barlin a watan Nuwamba, wurin ƙanena da yake karatu a can, sai na ce masa cikin kwana 12 da zan yi dole mu ware yini guda cur don wurin da Jamusawa suka gina saboda tunawa da waɗannan mutane. Zan faɗi yadda na sami wurin, da abin da ya gamsar da ni da wanda bai gamsar da ni ba, domin amfanin duk wanda hanya za ta bi da shi ta can, musamman ɗalibai da ƴan'uwana malamai.

Samun wurin ba shi da wahala ko kaɗan. Mun sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Ƙofar Brandenburg, muka taka abin da bai wuce minti biyar ba zuwa kudu, muka wuce ofishin jakadancin Amurka, sai ga filin a gabanmu. Ginin majalisar dokokin ƙasar yana kusa, babban lambun Tiergarten kuma yana tsallaken titi. A wurinmu, kamar a ce an ware fili tsakanin fadar Sarkin Damagaram da masallacin Juma'a ne, inda duk baƙon da ya shigo gari sai ya bi ta wurin. Kafin 1989 wannan fili yana cikin zirin da aka hana kowa takawa a gindin katangar da ta raba birnin biyu, kafin nan kuma lambunan ma'aikatun gwamnati ne. Ramin ɓuyan Goebbels, ministan farfagandar Hitler, yana ƙarƙashin wani gefe na filin, na Hitler kansa kuma yana da tazarar mita ɗari kaɗan, inda yau ake ajiye motoci. Sunan wurin a Jamusanci shi ne Denkmal für die ermordeten Juden Europas, kuma ƙanena ya ja hankalina ga cewa kalmar da suka zaɓa ba ta nufin waɗanda suka mutu kawai, tana nufin waɗanda aka yi wa kisan gilla. Gwamnatin ƙasar da ta aikata laifin ce ta rubuta hakan da hannunta, a cibiyar babban birninta, kuma tun daga nan na fara ganin girman abin.

Amma kallon farko bai burge ni ba, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Babu katanga, babu ƙofa, babu mai karɓar kuɗi, babu wani babban allo da yake gaya wa baƙo inda ya iso. Abin da ido yake gani daga bakin titi shi ne jerin tubalan kankare masu launin toka, gajeru, kamar dakalin ƙofar gida, har wasu matafiya sun zauna a kansu suna hutar da ƙafa. Na juya na ce wa ƙanena, shi ke nan abin da muka zo gani? Ya ce, "Yaya, shiga ciki tukuna, ni zan bi ta wani layin."

Na shiga. Tsakanin tubali da tubali santimita 95 ne kacal, wato hanyar mutum ɗaya ce, ba yadda za a yi mutum biyu su jera kafaɗa da kafaɗa. Daga taku goma na farko tubalan suna kai mini gwiwa, daga nan ƙugu, daga nan ƙirji, kuma ban ankara ba sai na ga sun haura kaina nesa, domin ƙasar tana gangarawa a hankali yayin da su kuma suke ƙara tsawo, har mafi tsayinsu ya kai mita 4.7. Daɓen da ake takawa na ƙananan duwatsu ne, yana tashi yana sauka kamar tudun rairayi, tubalan kuma ba su miƙe sak ba, kowanne ya ɗan karkace kaɗan, ta yadda ido ba ya samun abin dogara. Ƙarar motoci ta ja baya har ta zama kamar daga wani gari take zuwa. Na sa tafin hannuna a jikin ɗaya, na ji shi santsi da sanyi kamar randar da ta kwana a waje cikin hunturu. Can gabana wata mata mai jar riga ta gilma daga dama zuwa hagu, kafin in ɗaga ƙafa ta ɓace, kuma ban sake ganinta ba. Na kira sunan ƙanena sau ɗaya, a hankali, ya amsa daga wani wuri da na kasa tantancewa, gaba ne ko baya.

Duk wanda ya tashi a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya san lungu, ya san yadda mutum yake bi tsakanin katangu biyu na ƙasa da manyan duwatsun unguwar ba tare da ya hangi ƙarshen hanya ba. Amma lungun Birni kowanne yana ƙarewa a zaure, akwai wanda za ka yi wa sallama, akwai ƙamshin hayaƙin girki, akwai akuya a ɗaure da yaro da zai nuna maka gidan da kake nema. A nan ko'ina ka waiga hanya a buɗe take har bakin titi, kana hango haske da mutane suna harkokinsu, amma babu ƙofa ko ɗaya, babu taga, babu wanda ya san kana ciki. Wannan ne ya fi taɓa ni a saman filin: mutum yana tsakiyar gari, yana ganin jama'a, amma an cire shi daga cikinsu. A 1933 Yahudawan Jamus kimanin 500,000 ne, ba su kai ɗaya cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba, kuma kusan 160,000 daga cikinsu a Barlin suke zaune, likitoci da teloli da malamai da ƴan kasuwa. Fiye da 50,000 aka kwasa daga wannan birni zuwa gabas, ta tashoshin jirgin ƙasa na cikin gari, maƙwabta suna kallo.

Wanda ya tsara filin Ba'amurke ne mai zanen gine-gine, Peter Eisenman. Faɗinsa murabba'in mita 19,000 ne, ya kusa filin ƙwallo uku, tubalan kuma 2,711 ne, kowanne tsawonsa mita 2.38, faɗinsa santimita 95. Na yi zaton adadin yana nuni da wani abu, ko yawan garuruwa ko na sansanonin da aka tsare mutane aka kashe su, sai na tarar ba shi da wata fassara, iyakar abin da filin ya ɗauka ke nan. Ginin bai zo da sauƙi ba. Wata ƴar jarida, Lea Rosh, da wani masanin tarihi, Eberhard Jäckel, su ne suka fara kiran a yi shi a ƙarshen shekarun 1980, aka yi ta gasar zane ana rushewa, ana muhawara a jaridu, sai ranar 25 ga Yuni 1999 majalisar dokoki ta amince. An fara aiki a 2003, aka buɗe ranar 10 ga Mayu 2005, shekara 60 bayan ƙarshen yaƙin, a kan kuɗi fiye da yuro miliyan 25.

Ana tsakiyar aikin ne, a watan Oktoba na 2003, aka gano cewa kamfanin Degussa, wanda ya samar da sinadarin da aka shafa wa tubalan don kada fentin masu rubutu a bango ya kama su, yana da alaƙa ta tarihi da kamfanin Degesch, mai sayar da gubar Zyklon B da aka yi amfani da ita a ɗakunan kisa na sansanin Auschwitz da ke Polan. Aka dakatar da aiki, aka yi zazzafar muhawara, daga baya aka yanke shawarar ci gaba. Na daɗe ina juya wannan labari a raina, domin ya nuna cewa a ƙasar da laifi ya game masana'antu da jiragen ƙasa da bankuna da ofisoshin rajista, da wuya a sami hannun da zai yi ginin tuba wanda kakansa bai taɓa laifin ba. Akwai kuma matsalar tsagewa, wadda ta fara bayyana shekaru kaɗan bayan buɗewa. Na ga tubala da yawa da tsaga a jikinsu, wasu an ɗaure su da ɗamarar ƙarfe don kada su buɗe. Ga gini mai wannan tsada da ƙarancin shekaru, wannan nakasu ne a aikin, ko da yake bai hana kowa wucewa ba.

Abin da ya fi damuna a sama shi ne halin wasu baƙi. A gefen filin akwai ƙananan alluna a ƙasa da suka hana hayaniya, da tsalle daga tubali zuwa tubali, da shan taba da giya, amma mutum zai iya wuce su bai gani ba. Na ga samari biyu suna tsallake-tsallake a saman tubalan yayin da na uku yake ɗaukar su hoto da waya, na ga ƴanmata suna gyara tsayuwa suna murmushi, na ji yara suna wasan ɓuya suna ƙyalƙyala dariya. A 2017 wani matashi ɗan Isra'ila mazaunin Barlin, Shahak Shapira, ya tattara irin waɗannan hotuna daga intanet ya haɗa su da hotunan gawarwakin sansanoni, abin ya tayar da ƙura har masu hotunan suka nemi a cire su. Shi kuwa Eisenman ya sha nuna cewa hawa da wasa a wurin ba su dame shi ba, tunda ba maƙabarta ba ce, babu wanda aka binne a ciki. Game da yara ƙanana na yarda da shi, domin yaro bai san komai ba sai abin da aka gaya masa. Game da manya ban yarda ba. Mu da aka tarbiyyantar da mu cewa idan za a wuce gidan da ake zaman makoki ana sassauta murya, mai babur ma ya rage gudu, ba za mu iya ganin babban mutum yana tsalle a irin wannan wuri mu ce daidai ne ba. Sai dai laifin ba na baƙin ne kaɗai ba. Filin bai ce komai ba, babu suna, babu shekara, babu ko kalmar Bayahude a jikin tubali ɗaya, kuma wanda ya zo bai san tarihin ba zai iya fita kamar yadda ya shiga. Wannan shi ne babban abin da nake zargin tsarin da shi.

Rashin suna a kan dutse ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ku je maƙabartar kowace unguwa a Damagaram, yawancin kaburbura tudun ƙasa ne da ɗan dutse ko guntun tukunya, bayan damina biyar ma sai mai gadi ya nuna maka wurin. Ba mu damu da rubutu ba saboda sunan mamaci yana da wani wurin zama. Ana ambatonsa a sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ana faɗinsa idan ana lissafa asali, kuma da zarar an haifi jika sai a mayar masa da sunan, gida ya cika da Mai Sunan Baba da Mai Sunan Inna. Yahudawan gabashin Turai ma suna da wannan al'ada ta sa wa jariri sunan wanda ya rasu. To, idan aka kashe kaka da uba da jika a rana ɗaya, a rami ɗaya, wa zai mayar da sunan? Sai a cikin wannan fili na fahimci nauyin kalmarmu ta kisan ƙare dangi, wadda nake furtawa a aji ba tare da na tsaya a kanta ba. Cikin miliyan 6 ɗin nan, kimanin miliyan 1.5 yara ne.

Amsar wannan tambaya tana ƙarƙashin ƙasa, kuma nan ne wurin ya biya ni duk wahalar tafiya. A kusurwar kudu maso gabas akwai matakala da take sauka zuwa cibiyar bayani, wadda ba ta cikin zanen farko, ƴan siyasa ne suka dage sai an ƙara ta, kuma a ganina sun yi daidai. Shiga kyauta ne. Akwai layi, akwai binciken jaka kamar na filin jirgin sama, kuma ana shigar da mutane kaɗan kaɗan don kada ciki ya cunkushe. Ma'aikatan da muka tarar masu natsuwa ne, suna magana ƙasa ƙasa. Rubuce-rubucen bango da Jamusanci da Ingilishi suke, don haka mu da muka yi karatu da Faransanci yana da kyau mu tafi da mai fassara, ko mu karɓi hayar na'urar saurare da ake bayarwa a bakin shiga. Ni ƙanena ne ya yi mini tafinta.

Da farko akwai doguwar baranda da take bin shekaru daga 1933 zuwa 1945, kuma a matsayina na malami na yaba da tsarinta, domin ta nuna cewa abin bai faro da kisa ba. Hitler ya hau mulki ranar 30 ga Janairu 1933, ranar 1 ga Afrilu aka kira jama'a su ƙaurace wa shagunan Yahudawa, a 1935 dokokin Nuremberg suka ƙwace musu cikakken matsayin ƴan ƙasa suka haramta auratayya da su, a daren 9 ga Nuwamba 1938 aka ƙone wuraren ibadarsu aka farfasa shagunansu a duk faɗin ƙasar. Bayan mamaye Polan a 1939 aka tattara su a unguwannin da aka killace, na Warso kaɗai ya ɗauki fiye da mutum 400,000. Da aka auka wa Tarayyar Sobiyet a 1941 sai harbi a bakin ramuka ya fara, a Babi Yar kusa da birnin Kiev aka kashe mutum 33,771 cikin kwana biyu a ƙarshen Satumba. Ranar 20 ga Janairu 1942 manyan jami'ai 15 suka zauna a wani gida a bakin tafkin Wannsee, a nan gefen Barlin, suka daidaita yadda ma'aikatu za su haɗa hannu a aikin. A Auschwitz kaɗai an kashe kimanin mutum miliyan 1.1, mafi yawansu Yahudawa, kafin sojojin Sobiyet su iso ranar 27 ga Janairu 1945. Shekara takwas aka yi ana sabar wa mutane da ƙyamar maƙwabcinsu, da doka da jarida da rediyo da darasin makaranta, kafin a fara haƙa ramuka.

Ɗaki na farko duhu ne, hasken yana fitowa daga ƙasa. An shimfiɗa gilasai masu haske a daɓe, kowanne daidai girman tubalin da yake samansa, a cikinsu kuma akwai wasiƙu da guntayen rubutun da mutane suka bari a kwanakinsu na ƙarshe, wasu an jefo su ne daga taragon jirgi. Dole mai karatu ya sunkuyar da kai, kuma na lura kowa yana kewaye gilasan, babu mai taka su, ko da yake babu igiyar da ta hana. A nan na tsaya a kan wasiƙar wata yarinya ƴar shekara 12, wadda ta rubuta wa mahaifinta a ƙarshen Yulin 1942. Tana yi masa ban kwana, tana cewa suna son su rayu amma an hana su, kuma tana tsoron wannan mutuwa saboda ƙananan yara da ransu ake jefa su cikin rami. Ƙanena ya fassara mini layi biyu na farko, a na uku muryarsa ta sarƙe, ya yi shiru, sai da na dafa kafaɗarsa ya ƙarasa. Ina da ɗiya mai waɗannan shekaru, wadda aikinta da safe shi ne ta bi ƴan'uwanta layin famfo da jarka kafin ta tafi makaranta. A kewayen bangon ɗakin, daga sama, an jera adadin waɗanda aka kashe ƙasa ƙasa, Polan tana da kusan miliyan 3, amma na fita ɗakin wasiƙar ce a kaina.

Ɗaki na biyu na iyalai 15 ne daga sassa daban daban na Turai, masu kuɗi da talakawa, mutanen birni da na ƙauye, masu riƙo da addini da waɗanda suka sake. Hotunan biki ne da na shago da na makaranta, irin waɗanda kowane gida yake ajiyewa a ƙasan akwati, sannan a gefe an bayyana makomar kowane mutum da yake cikin hoton. Ɗaki na uku shi ne na sunaye, kuma babu komai a cikinsa sai benci da duhu. Suna ɗaya yana bayyana a bango huɗu a lokaci guda, da shekarar haihuwa da ta mutuwa, wata murya ta karanta taƙaitaccen tarihin mai sunan, sannan ya dushe wani ya fito. Sunayen sun fito ne daga taskar Yad Vashem ta birnin Ƙudus, wadda ta tattara fiye da miliyan 4. An ƙiyasta cewa idan za a karanta na kowa a wannan tsari, za a ɗauki shekara 6 da wata 7 da kwana 27. Ni da nake kiran sunan ɗalibai kusan 70 kowace safiya cikin minti biyar, kowanne yana amsawa, na zauna a bencin nan na saurari suna tara, babu mai amsawa. Ɗaki na huɗu yana nuna wuraren da aka yi kisan, fiye da 200, a taswira da hotuna, amma a lokacin na gaji, na bi shi da sauri.

Da na dawo gida na ba da labarin a fadarmu ta shayi a Zango, wani dattijo da nake girmamawa ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, kai da kake ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa, me ya kai ka wurin makokin Yahudawa?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma na san da yawa daga masu karanta wannan suna da irinta. Na ce masa, "Alhaji, abin da yake faruwa da yaran Gaza yana hana ni barci kamar yadda yake hana ka, kuma ban sauya ra'ayi a kansa ba. Amma yarinyar da na karanta wasiƙarta an kashe ta a 1942, shekara shida kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Wane laifi za mu ɗora mata?" Na kuma tuna masa da hadisin da ya inganta, cewa an wuce da gawa ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai gawar Bayahude ce, ya amsa da cewa ashe ba rai ba ne. Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya nemi in sake faɗa masa abin da yarinyar ta rubuta.

Kuma labarin bai yi mana nisa kamar yadda muke zato ba. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana ƙarƙashin gwamnatin Faransa ta Vichy mai haɗa kai da ƴan Nazi, wadda ta kafa nata dokokin wariya ga Yahudawa. Wannan gwamnati ce ta farfaɗo da shirin shimfiɗa layin dogo da zai ratsa Sahara daga tekun Bahar Rum zuwa kogin Kwara, kuma a sansanonin da ke iyakar Maroko da Aljeriya an sa fursunoni, cikinsu har da Yahudawa, fasa dutse a rana don wannan layi da bai taɓa isowa ba. Kakanninmu da suka san aikin dole, wanda sai a 1946 aka soke shi, ba sa bukatar a fassara musu wannan. A watan Yunin 1940 kuma sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka baƙaƙen fata da suka kama suka harbe su, kamar yadda aka yi a Chasselay kusa da birnin Liyon, saboda aƙidar fifikon jinsi guda ɗaya ce take aiki.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai, kuma adalci ne in faɗe shi. Tafiyar minti kaɗan daga filin, a titin Wilhelmstraße, nan ne aka yi taron Barlin na 1884 zuwa 1885 da ya shimfiɗa ƙa'idojin rabon Afirka, kuma abin da yake nuna wurin ɗan allon bayani ne a gefen hanya. Kisan da sojojin Jamus suka yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya tsakanin 1904 da 1908 sai a 2021 gwamnati ta amince a hukumance cewa kisan ƙare dangi ne, kuma ba shi da wani gini mai kama da wannan a birnin. Wannan gibi bai rage darajar dandalin Yahudawa da komai ba a idona. Abin da ya yi shi ne ya nuna mini irin aikin da ake iya yi wa matattu idan an ƙudura, ya kuma sa na tuna da namu. Duk wanda ya hau mota daga Damagaram zuwa Yamai yana wucewa ta Tirmini da Maijirgi da Birnin Ƙonni, hanyar da ayarin sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya biyo a 1899 yana ƙone garuruwa. Sunayen hafsoshin nan biyu suna cikin littafin da nake koyarwa da shi, na mutanen da suka kashe a Ƙonni kuwa sun tafi tare da su.

Ga wanda zai je, shawarata ita ce ya saɓa wa yadda na yi: ya fara sauka ƙasa, ya ba ɗakunan nan awa biyu, sannan ya hau ya shiga cikin tubalan. Na sake shiga filin bayan mun fito, wajen ƙarfe huɗu da rabi, duhu ya fara sauka kamar yadda yake yi da wuri a can cikin Nuwamba, kuma tubalan da na raina da safe sun zama wani abu dabam saboda yanzu ina da fuskoki da sunayen da zan ɗora musu. Filin sama a buɗe yake dare da rana, cibiyar ƙasa kuwa ba ta buɗewa ranar Litinin, kuma zuwa da safe ya fi don guje wa dogon layi. Masu kula da wurin ba sa ba da shawarar a sauka da yaran da ba su kai shekara 14 ba, kuma bayan abin da na gani na goyi bayansu. A sa rigar sanyi mai kauri da takalmi mai riƙe ƙasa, domin daɓen yana santsi idan an yi ruwa. Wanda yake da sauran ƙarfi ya tsallaka lambun zuwa kusa da majalisa, inda aka buɗe wurin tunawa da ƴan ƙabilun Sinti da Roma da ƴan Nazi suka kashe, a 2012, wani zagayayyen tafki mai baƙin ruwa da ake ɗora sabon fure a tsakiyarsa kullum, ko ya gangara titin Tiergartenstraße lamba 4, inda aka tsara kashe naƙasassu da masu taɓin hankali fiye da 70,000 a 1940 da 1941.

Da dare, muna komawa masauki, ƙanena ya tsayar da ni a ƙofar wani gida a layinsu ya haska ƙasa da fitilar waya. Wasu ƙananan faranti ne na tagulla, kowanne bai wuce tafin hannu ba, an dasa su cikin daɓen hanya. Aikin wani mai fasaha ne, Gunter Demnig, wanda ya fara a shekarun 1990, yanzu kuma sun haura 100,000 a ƙasashen Turai, kowanne a ƙofar gidan da mutumin ya zauna na ƙarshe da son ransa, da sunansa, da shekarar haihuwarsa, da ranar da aka tafi da shi, da inda aka kashe shi. Guda uku ne a wannan ƙofa, sunan gidansu ɗaya. Na durƙusa na ciro ɗan littafin da nake shirya darasi a ciki na kwafe su, ƙanena yana riƙe mini fitila, kuma da na lissafa shekarun sai na ga ƙaramar cikinsu ba ta isa shiga makaranta ba.